Yadda ake kwaikwayon famfon zafi da halayen gas ɗinsa a EnergyPlus da CoolProp

Na'urar sanyaya ɗaki da muke kira esi, da firji, da injin da ke ɗumama gidaje a Turai lokacin hunturu, duk abu ɗaya ne a wajen injiniya: famfon zafi. Yana kwasar zafi daga wuri mai sanyi ya kai shi wuri mai ɗumi, kuma gas ɗin da ke zagayawa a cikin bututun ne ɗan dakon. Gas ya tafasa a akwatin ciki ya haɗiye zafi, kwamfuresa ta matse shi, ya je akwatin waje ya amayar da zafin ya koma ruwa, sannan ya ratsa bawul ko siririn bututu matsinsa ya faɗi, ya sake zagayowa. Idan aka sa bawul mai hanya huɗu aka juya tafiyar, injin da ke sanyaya ɗaki sai ya koma ɗumama shi.

Mai zayyana gini, ko mai lissafin girman sola da janareta, yana son ya san wutar da injin zai sha a shekara da kuma abin da zai iya a ranar da zafi ya kai maƙura. Manhajar kwaikwayon makamashi tana bayar da wannan amsa, amma amsar ba ta wuce ingancin abin da aka zuba mata. A garuruwa irin Kano, Sakkwato, Maiduguri da Agadas, inda zafin Afrilu da Mayu kan kai ko ya haura digiri 40, kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar injin a cikin kwamfuta yana aiki kamar har yanzu yana ɗakin gwaji mai digiri 35.

Kayan aiki

Abu huɗu ake buƙata. Na farko EnergyPlus, manhajar kyauta da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar a 2001, wadda ke karanta bayanin gini daga fayil ɗin IDF. Na biyu fayil ɗin yanayi na EPW, mai ɗauke da sa'o'i 8760 na shekara. Akwai na filin jirgin Kano da na wasu biranen Najeriya da Nijar a shafin climate.onebuilding.org. Na uku CoolProp, ɗakin ajiyar halayen gas na kyauta da ake kira daga Python ko Excel. Mai kuɗin sayen REFPROP na hukumar NIST zai iya amfani da shi, amma ga R22, R32, R410A, R290 da R134a CoolProp ya wadatar. Na huɗu, wanda ya fi wuyar samu kuma ya fi kowanne muhimmanci, shi ne littafin bayanan injiniya na kamfanin da ya ƙera injin. Takardar da ke manne a jikin kwali lamba ɗaya kawai take bayarwa. Littafin shi ke da teburin ƙarfi da shan wuta a zafin waje daban-daban.

Mataki na farko: gane inda gas yake shiga lissafi

Mutane da yawa kan buɗe EnergyPlus su yi ta neman gurbin rubuta R32 ko R410A, su rasa. A abubuwan da aka fi amfani da su, irin Coil:Cooling:DX:SingleSpeed da Coil:Heating:DX:SingleSpeed da HeatPump:PlantLoop:EIR:Heating, babu wannan gurbi. Manhajar ba ta bin gas cikin bututu. Tana karɓar ƙarfin injin da ingancinsa a yanayin gwaji, sai ta riƙa ninka su da wasu lanƙwasoshi na lissafi gwargwadon zafin ciki da na waje. Ke nan halin gas ɗin yana ɓoye a cikin lanƙwasoshin. Wanda ya ari lanƙwasar tsohon injin R22 daga fayil ɗin misali ya ɗora wa injin R410A, to injin R22 ya kwaikwaya, ko da wane suna ya raɗa masa.

Akwai kashi na biyu da ke karanta teburin gas kai tsaye, kamar Refrigeration:System na ɗakunan sanyi da manyan kantuna, da AirConditioner:VariableRefrigerantFlow:FluidTemperatureControl. Ga esi na gida ko ofis, kashin farko za ka bi. Kashi na biyu sai in aikin ya shafi matsin gas, tsawon bututu, ko kwatanta gas da gas a tsari ɗaya.

Mataki na biyu: lissafa zagayen da hannu kafin ka taɓa ginin

Wannan mataki ne ake tsallakewa, alhali shi zai ba ka ma'aunin da za ka gane ko sakamakon babban kwaikwayo ya kauce. Mu ɗauki R32, wanda yawancin sababbin esi ke zuwa da shi. Gas yana tafasa a digiri 10, ya ƙara ɗumi da digiri 5 kafin ya shiga kwamfuresa. Zafin waje 35, gas yana komawa ruwa a 50, ya ƙara hucewa da digiri 5 kafin bawul. Ingancin kwamfuresa mu sa shi 0.7.

import CoolProp.CoolProp as CP
CP.set_reference_state('R32','IIR')
p1 = CP.PropsSI('P','T',283.15,'Q',1,'R32')
h1 = CP.PropsSI('H','T',288.15,'P',p1,'R32')
s1 = CP.PropsSI('S','T',288.15,'P',p1,'R32')
p2 = CP.PropsSI('P','T',323.15,'Q',0,'R32')
h2s = CP.PropsSI('H','P',p2,'S',s1,'R32')
h2 = h1 + (h2s - h1)/0.7
h3 = CP.PropsSI('H','T',318.15,'P',p2,'R32')
cop = (h1 - h3)/(h2 - h1)

Matsin ƙasa zai fito wajen kilofaskal 1,107, na sama wajen 3,141. Kowane kilo na gas yana kwasar zafi kusan kilojul 237, kwamfuresa ta ci wajen 62, COP ya tsaya kusa da 3.8, ban da wutar fankoki. COP ɗin nan shi ne sanyin da aka samu a raba da wutar da aka sha.

Yanzu mayar da zafin waje 45, gas ya koma ruwa a 60. Matsin sama ya tashi zuwa wajen 3,933. Abin da kilo ɗaya ke kwasa ya ragu zuwa kusan 214, aikin kwamfuresa ya hau wajen 77, COP ya sauko kusa da 2.8. Ƙarin digiri 10 a waje ya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na inganci, ƙarfin sanyayawa ma ya ragu da kashi 10 cikin ɗari ko fiye, a daidai lokacin da ɗakin ya fi buƙatarsa. Ka kuma tambayi zafin gas a bakin kwamfuresa da p2 da h2: zai haura digiri 100. Wannan halin R32 ne, shi ya sa injinan inbata ke rage gudu da kansu a tsakar rana don kare kwamfuresa.

Dalilin faɗuwar yana da alaƙa da zafin ƙoli na kowane gas, wanda in an wuce shi gas ba ya komawa ruwa komai matsi. Na R410A wajen digiri 71 ne, na R32 wajen 78, na R22 da R290 kuwa wajen 96. Duk yadda zafin kwandensa, wato bututun akwatin waje inda gas ke komawa ruwa, ya matso kusa da wannan iyaka, zafin da gas ke iya ɗauka yana raguwa da sauri. Don haka R410A ya fi R22 jigata a rana mai digiri 45, kodayake a 35 tazararsu ba ta da yawa. R744, wato iskar kabon, nasa ƙolin digiri 31 ne kacal, don haka a ƙasar zafi yana aiki ne sama da ƙoli kuma wannan lissafin bai dace da shi ba.

Abubuwa uku kan ɓata lissafin a nan. CoolProp yana karɓar zafi da Kelbin, matsi da faskal, entalfi (yawan zafin da gas ke ɗauke da shi) da jul a kilo. Wanda ya rubuta 10 maimakon 283.15 zai ga saƙon kuskure ko lambar banza. Matsin kuma cikakke ne, alhali agogon mai gyara yana nuna abin da ya ɗara matsin iska, sai an ƙara wajen kilofaskal 101 kafin a kwatanta. Na uku shi ne gas na haɗin gambiza. R410A rabi R32 ne rabi R125, amma yana tafasa kusan kamar gas guda. R407C kuwa akwai tazarar digiri 5 zuwa 7 tsakanin fara tafasa da gamawa. A irinsa, Q=1 (tururi zalla) za ka ɗauka wajen auna ƙarin ɗumi, Q=0 (ruwa zalla) wajen auna ƙarin hucewa. In ka juya su, COP zai kauce ba tare da wani gargaɗi ba.

Mataki na uku: lambobin yanayin gwaji

Mu ɗauki esi mai doki ɗaya da rabi, wato wajen wat 3,500 na sanyi, a ce yana shan wat 1,100. EnergyPlus yana ɗaukar cewa an auna shi da iskar ɗaki mai digiri 26.7 a busasshen ma'auni da 19.4 a jiƙaƙƙe (wanda aka naɗe kansa da jiƙaƙƙen ƙyalle don ya nuna tasirin laima), zafin waje 35. Ma'aunin ISO 5151 da kamfanonin Asiya ke bi yana da aji T1 mai 27 da 19 a ciki, 35 a waje, wanda ya yi kusa da wannan. Aji T3 kuwa 29 da 19 ne a ciki, 46 a waje. Idan takardar injin ta kawo lambobi biyu, ta T1 ce ke shiga gurbin gwaji, ta T3 kuma ka adana ta don gwada lanƙwasarka daga baya.

Guraben suna neman ƙarfi da COP ba tare da fankar ciki ba. Kamfani yana bayar da sanyin da ya rage bayan zafin fanka ya ci nasa, da wutar injin gaba ɗaya. Idan fankar ciki tana shan wat 30, ƙarfin da za ka rubuta 3,530 ne, wutar 1,070, COP ya zama 3.30 maimakon 3.18. Fankar za ta shiga a matsayin abu mai zaman kanta. In ba a yi haka ba an ƙirga ta sau biyu. A ƙaramin esi bambancin kaɗan ne, a babban tsari mai doguwar hanyar iska yana da girma.

Yawan iska ma yana da ƙa'ida: tsakanin 0.00004027 da 0.00006041 kubik mita a daƙiƙa ga kowane wat. Ga injinmu, wajen 0.14 zuwa 0.21 ke nan, ko 510 zuwa 760 a sa'a. Ka raba lambar kamfani da 3,600 kafin ka shigar. Sai SHR, kason sanyin da ke tafiya wajen rage zafi, sauran kuma wajen cire laima. Yawanci yana tsakanin 0.7 da 0.8. Ka ɗauke shi daga layi ɗaya da ƙarfin da iskar, don in ukun ba su jitu ba manhajar za ta lissafo iska mai laimar da ba ta yiwuwa, ta yi gargaɗi ko ta tsaya.

Mataki na huɗu: gina lanƙwasoshi

Nan ne aikin yake. Lanƙwasoshi biyar ake buƙata, biyu daga ciki su ne ƙashin bayan lissafin: ƙarfi bisa zafi, da EIR bisa zafi. EIR kishiyar COP ne, wato wuta a raba da sanyi. Dukansu Curve:Biquadratic ne masu wannan tsari: a + bx + cx² + dy + ey² + fxy. A nan x zafin jiƙaƙƙen ma'auni ne na iskar da ke shiga akwatin ciki, y kuma zafin busasshen ma'auni na iskar da ke shiga akwatin waje. Wanda ya sa busasshen zafin ɗaki a gurbin x ya ɓata komai tun daga tushe.

Kwafe teburin kamfani a Excel, kowane layi da x, y, ƙarfi da wuta. Gyara kowane layi don cire fankar ciki. Raba kowane ƙarfi da ƙarfin gwaji, kowane EIR da EIR na gwaji. Ƙara ginshiƙan x², y² da xy, sannan ka nemo lambobi shidan da LINEST, ko da lstsq a Python. EnergyPlus ma yana zuwa da takardar Excel ta wannan aiki a babban fayil ɗin PreProcess. Da yake lambobi shida ake nema, layi shida ba su isa a amince da su ba; nemi 20 zuwa 30, waɗanda suka bazu daga 21 har 46 a waje. LINEST tana fitar da lambobin daga ƙarshe zuwa farko, a kula wajen kwafewa. Kada kuma a taƙaita su: lambar y² ƙarama ce ƙwarai, amma ana ninka ta da fiye da 2,000 a digiri 46, don haka yanke mata wutsiya yana jirkita sakamako.

Gwaji biyu kafin a wuce. Sa x 19.4, y 35: dole amsa ta zama 1.0 ko dab da haka. Sa x 19, y 46: kwatanta da lambar T3, ka kuma duba ko faɗuwar ta yi kama da wadda ka samu a CoolProp. In lanƙwasar ta ce EIR ya ƙaru da kashi 5 cikin ɗari kawai daga 35 zuwa 45, akwai kuskure, domin gas ba zai yarda da haka ba.

Sai iyakoki, waɗanda a ganina su suka fi cutar da masu aiki a ƙasar zafi. Kowace lanƙwasa tana da mafi ƙanƙanta da mafi girman x da y. Idan zafi ya wuce iyakar, EnergyPlus yana tsayar da lambar a kan iyakar ya ci gaba shiru. Ka rubuta iyakar y 40, to a sa'ar da waje ya kai 44 injin zai yi aiki kamar 40 ne, rahoto ya nuna ɗaki ya yi sanyi lafiya lau. Buɗe iyakar zuwa 55 alhali teburinka ya tsaya a 43 shi ma haɗari ne, don lanƙwasar na iya juyawa ta nuna ƙarfi yana ƙaruwa. Mafita ita ce a samo ƙarin layuka. In kamfani bai bayar ba, daidaita lissafin CoolProp har ya yi daidai da layukan da kake da su, ta hanyar gyara ingancin kwamfuresa da tazarar kwandensa, sannan ka fitar da layukan 46 zuwa 50 da shi, ka rubuta a rahotonka cewa lissafi ne. Gefen ƙasa na x ma abin dubawa ne. A bazara kafin saukar damina, ɗaki mai digiri 24 da laimar kashi 20 cikin ɗari jiƙaƙƙen zafinsa bai kai 12 ba, ƙasa da inda yawancin tebura ke farawa. A lokacin bututun ciki a bushe yake, ruwa ba ya ɗiga, SHR ya koma 1.

Sauran lanƙwasoshi ukun ba su da wahala. Biyu na canjin yawan iska ne. In fankar gudu ɗaya take yi, bar su a 1.0. Ta ƙarshe ta asarar kunnawa da kashewa ce, wadda aka saba rubutawa 0.85 + 0.15 × PLR, PLR kuwa kason aikin da ake nema daga cikakken ƙarfi. Injin inbata ba ya shiga wannan tsari: yi amfani da Coil:Cooling:DX:VariableSpeed, mai karɓar matakan gudu har 10, kowanne da ƙarfinsa da COP ɗinsa. Kwaikwayon inbata da abin gudu ɗaya yana kumbura shan wutar shekara, saboda ribar inbata tana wajen aiki da rabin ƙarfi.

Ɓangaren ɗumamawa

Yanayin gwajinsa 21.1 ne a ciki, 8.3 a busasshe da 6.1 a jiƙe a waje. Ana haɗa shi da na sanyaya a ZoneHVAC:PackagedTerminalHeatPump, tare da fanka da hita ta ko-ta-kwana. Guraben narkar da ƙanƙara suna da nauyi a Jamus ko Kanada, inda akwatin waje ke daskarewa. Manhajar tana fara lissafa su ne ƙasa da digiri 5, don haka a hunturun Kano ko Jos da wuya su motsa. Ka dai duba hitar ko-ta-kwana, kada ta riƙa kunna kanta ta haɗiye ribar. Inda famfon zafi ya fi amfani a wajenmu shi ne dafa ruwan wanka a otal da asibiti, da WaterHeater:HeatPump:PumpedCondenser, tunda iskar waje mai ɗumi tana ɗaga COP.

Idan aikin na buƙatar teburin gas

Buɗe FluidPropertiesRefData.idf a babban fayil ɗin DataSets. Akwai R22, R134a, R404A, R410A, amoniya da R744 da wasu. Kwafe dukkan sashen gas ɗin zuwa fayil ɗinka, daga FluidProperties:Name har teburin ƙarshe. In naka ba ya ciki, gina shi da CoolProp: jerin zafi daga ƙarami zuwa babba a FluidProperties:Temperatures, sai FluidProperties:Saturated don matsi, entalfi, nauyi da ƙarfin riƙe zafi na ruwa da na tururi, sai FluidProperties:Superheated don entalfi da nauyi, tebur guda ga kowane matsi. A nan zafi da salshiyos ne, ba Kelbin ba. Matse tazarar jerin yayin da kake kusantar zafin ƙoli, don a can halaye ke canzawa da sauri kuma manhajar layi miƙaƙƙe take ja tsakanin lambobi biyu. Guraben da gas bai zama tururi ba, duba yadda aka cike su a teburin R410A ka bi. Kuma duk teburan su fito daga tushe ɗaya na ƙirga entalfi: tsarin IIR yana ba ruwan gas kilojul 200 a digiri 0, na ASHRAE yana ba shi sifili a 40 ƙasa da sifili. Haɗa su a fayil ɗaya yana haifar da COP na mafarki.

Gudanarwa da bincike

Sa Timestep a 6, wato minti goma-goma. Nemi waɗannan sakamako kowace sa'a: Cooling Coil Total Cooling Rate, Cooling Coil Electricity Rate, Cooling Coil Runtime Fraction da zafin waje. Karanta eplusout.err tukuna, layi-layi, kafin ka kalli jimillar shekara. Sannan raba sanyi da wuta a kowace sa'a, ka zana COP a kan zafin waje. Ya kamata ɗigon su gangara a hankali. In sun miƙe a kwance daga wani zafi zuwa sama, iyakar lanƙwasa ce ta kama su. In Runtime Fraction ya manne a 1.0 sa'o'i da yawa kuma ɗaki bai kai zafin da aka sa ba, injin ya yi ƙanƙanta a ranakun zafi.

Fayil ɗin yanayi yana ɗauke da zafin inuwa na filin jirgi. Akwatin waje da aka kafe a bangon yamma, ko a kan rufin kankare, ko a lungun da iskarsa ke dawo masa, yana shaƙar abin da ya fi haka zafi, ga ƙurar hunturu da ke toshe haƙarƙarin kwandensa. Manhajar ba ta san wannan ba. Ba kwandensar mashigar iska tata da OutdoorAir:Node, ka ƙara mata digiri 3, sannan 5, ta EMS, sashen EnergyPlus da ake rubuta wa ƙananan umarni, ka sake gudanarwa. Wutar da ta fito a sa'a mafi zafi ta gudanarwar ƙarshe ita za ka miƙa wa mai lissafin sola ko janareta, tare da ƙarin abin da kwamfuresar da ba inbata ba ke fizga lokacin tashi, wanda EnergyPlus ba ya lissafawa.